Waiwaye: Yadda hanyar masu jan jirgi ta zama wurin tattaki a bayan birnin Paris

A arewa maso gabashin birnin Paris akwai wata hanya da mutum zai bi da ƙafa ko a kan keke, ya yi tafiyar sama da kilomita ashirin a gefen ruwa, da wuya ya yi kiciɓis da mota. Tana tashi daga tafkin La Villette a cikin birni, ta ratsa Pantin da Bobigny da Bondy, garin da Kylian Mbappé ya tashi, ta wuce Aulnay-sous-Bois da Sevran, har ta fita karkara. Ruwan da take bi shi ne kanal ɗin Ourcq, wato kogin da aka haƙa da hannu, irin waɗanda manoman Kura da Kadawa suka sani, sai dai wannan jiragen dako na bin sa. Garuruwan da ta ratsa suna cikin gundumar Seine-Saint-Denis, wadda kason masu fama da talauci a cikinta ya fi na kowace gunduma a Faransa, ban da yankunanta na ƙetaren teku, kuma cike take da baƙi 'yan Afirka da 'ya'yansu da jikokinsu.

Asalin maganar ƙishirwa ce. A farkon ƙarni na 19 mutanen Paris ruwan kogin Seine da na rijiyoyi suke sha, 'yan garuwa na hawa da shi benaye a kafaɗa, ga tsada ga ƙazanta. A ranar 19 ga Mayun 1802 aka yi dokar karkato kogin Ourcq zuwa birni, a zamanin da Napoleon Bonaparte ke riƙe da ƙasar. Aka damƙa aikin a hannun injiniya Pierre-Simon Girard, wanda yana cikin masanan da suka bi Napoleon zuwa Masar, kuma harajin da aka ɗora wa giyar inabin da ke shiga birni ya taimaka wajen biyan kuɗin. Ruwa ya fara shiga tafkin La Villette a ranar 2 ga Disambar 1808. Yaƙe-yaƙe da faɗuwar Napoleon suka ja wa aikin ƙafa, sai a farkon shekarun 1820 aka kammala, tare da rassansa biyu: kanal ɗin Saint-Denis a 1821, na Saint-Martin a 1825. Idan aka haɗa da ɓangaren kogin da aka gyara, tsawonsa ya haura kilomita 100.

Hanyar da ake tattaki a kai yau, ta ma'aikata ce. Jiragen wancan lokaci ba su da inji. Dogaye ne sirara, faɗinsu bai wuce mita uku da 'yan kai ba, ana loda musu itace da hatsi da duwatsun gini da farar ƙasa, sai a ɗaura musu igiya ana ja daga gaɓa. Wani lokaci doki ne ke ja, wani lokaci kuwa mutane ne, igiya a ƙirji, suna tafe a sunkuye. Don haka tilas a bar fili miƙaƙƙe a gefen ruwa, babu katanga, babu gini, babu hawa da gangara, domin igiya ba ta tsallake shinge. Duk abin da mai yawo ke yabawa a yau, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da tafiya ba yankewa, daga wannan larura ya samo asali.

Ruwan shan kuwa bai daɗe da martabarsa ba. Ruwa ne a buɗe, jirage na bi, ƙazanta na faɗawa. Annobar kwalara ta 1832, wadda ta kashe mutum wajen 18,000 a Paris, ta ƙara sa wa mahukunta damuwa a kan abin da jama'a ke sha. A zamanin Haussmann, jami'in da ya sake fasalin birnin Paris, injiniya Eugène Belgrand ya raba bututun birni gida biyu: ruwan sha daga maɓuɓɓuga masu nisa, ruwan Ourcq da na Seine kuma don wankin titi da kora magudanai da ban ruwan lambuna. Wannan tsari yana nan har gobe. Ruwan da ake gani yana malala a gefen titunan Paris da safe, masu shara na bin sa da tsintsiya, kaso mai yawa daga wannan kanal yake. A 1876 hukumar birnin ta karɓe ragamar kanal ɗin daga hannun kamfanin da aka ba wa haya.

A ganina nan ne zancen yake. Kanal ɗin mai shi ɗaya ne tun daga tushe har ƙarshe, wato birnin Paris, ko a inda ya ratsa ƙasar wasu garuruwa, kuma birnin bai taɓa daina buƙatar ruwan ba. Da a ce ruwan ya tashi daga aiki, da wuya gaɓar ta tsira daga masu yanka filaye, kowace ƙaramar hukuma ta sayar da nata yankin, hanyar ta guntule gida goma.

Daga tsakiyar ƙarni na 19 masana'antu suka yi wa gaɓar ƙawanya. A 1867 aka buɗe babbar mayanka da kasuwar dabbobi a La Villette. A Pantin aka kafa katafaren injin niƙan alkama a shekarun 1880, daga baya aka gina manyan ɗakunan ajiyar kaya a farkon shekarun 1930, bayan an faɗaɗa kimanin kilomita 11 na farko don manyan jirage su iya shiga. Can a Sevran gwamnati ta kafa masana'antar albarushi, wadda ta yi aiki daga 1873 zuwa 1973, kamfanin kayan ɗaukar hoto na Kodak ma ya buɗe tasa masana'antar a garin. Gidaje suka juya wa ruwan baya. Wurin ya zama na gawayi da hayaƙi da warin fata, ba inda magidanci zai kai iyalinsa shan iska ba.

Sai aikin ya ƙare, kusan a lokaci guda. Jirgin ƙasa da manyan motoci suka ƙwace dako, ƙananan jirage suka daina bin siririn ɓangaren a farkon shekarun 1960. Masana'antar albarushi ta rufe a 1973, mayanka ta bi sahu a 1974, Kodak ya tattara a 1995. Dubban ma'aikata suka rasa abin yi, da yawansu baƙi da aka ɗebo don waɗannan ayyuka. A 1973 ɗin ne kuma aka gama babban titin zobe da ya kewaye Paris, wanda ya zama tamkar ganuwa tsakanin birni da unguwannin bayansa. Kanal ɗin yana cikin wurare ƙalilan da mai ƙafa ke bi ta ƙarƙashin titin ya fita, ba tare da ya tsaya jiran danja ba.

Manyan lambunan shaƙatawar da ke jere a hanyar kufai ne da aka raya. Filin mayanka ya zama lambun La Villette mai hekta 55, wanda Bernard Tschumi ya tsara, aka buɗe a 1987, kanal na ratsa tsakiyarsa. Tsohuwar rumfar sayar da shanu, mai ginshiƙan ƙarfe, tana nan ana taruka a ciki. Na Sevran ya fi burge ni. Masu albarushi sun warwatsa ɗakunan aikinsu nesa da juna, suka tara tudun ƙasa tsakani, suka bar bishiyoyi, domin in wani ɗaki ya fashe kada wuta ta kama na kusa. Tsoron gobara ne ya tsare dajin shekara ɗari. Yau fili ne mai sama da hekta 130, yara na hawa waɗannan tuddai suna gangarowa a guje, tsofaffin gine-ginen jan bulo na tsaye a cikin itatuwa. Tsakanin lambun La Villette da na Sevran akwai lambun La Bergère a Bobigny, inda jirgin ƙasa na cikin gari ke wucewa dab da ruwa. Tun wajen ƙarshen shekarun 1970 aka fara shimfiɗa hanyar keke da ta ɗinke su.

Gyaran bai zo wa kowa daidai ba. A Pantin injin niƙa ya koma ofisoshin bankin BNP Paribas a 2009, ɗakunan ajiya suka koma hedikwatar kamfanin talla na BETC a 2016, sababbin benaye masu kallon ruwa suka tashi, kuɗin gida ya yi sama. Iyalan da suka jure wa hayaƙi da wari shekara da shekaru, wasunsu ne ke matsawa gabas yanzu da iska ta gyaru, kuma wannan abin takaici ne. A 2017 aka buɗe wurin ninƙaya kyauta a tafkin La Villette lokacin zafi. Shekara guda bayan haka, a watan Mayun 2018, 'yan sanda suka tashi wani babban sansanin tantuna a gaɓar kanal ɗin Saint-Denis, inda 'yan gudun hijira daga Sudan da Eritiriya da Somaliya ke kwana. Gaɓa ɗaya ce, wani ya zo motsa jiki, wani kuwa nan ne makwancinsa.

Daga Bobigny zuwa Bondy har yanzu ana aiki a bakin ruwan. Manyan jirage na sauke yashi da tsakuwa a wuraren kwaɓa siminti, mai tafiya na bi ta ƙarƙashin gadojin manyan tituna cikin ƙara da ƙura. Ban ga laifin jiragen ba, domin kowane ɗaya yana rage manyan motoci masu yawa a kan titi, kuma yana riƙe da aikin yi a yankin da ke ƙishinsa. A daidai gadar Bondy an tsara tashar sabon layin jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 15, kuma masu gine-gine sun riga sun sa ido a kan filayen da ke kusa. Abin da ƙananan hukumomin Bondy da Bobigny da Noisy-le-Sec za su yanke kan yawan gidaje masu rahusa a waɗannan filaye shi zai nuna ko mazauna yanzu za su ci gaba da samun ruwan a ƙofar gidansu.