Mai zanen kasuwanci mai zaman kansa

Mai zanen kasuwanci mai zaman kansa shi ne wanda ke zana hoto ko tambari don a buga a takarda ko a sa a intanet, ba tare da yana ɗaukar albashin kowa ba. Aiki-aiki ake biyansa. A Sakkwato akan ce masa mai zane ko mai dizayin, ko da yake sunan na biyu ya haɗa har da wanda ke jera rubutu da hotunan wasu kawai.

Ƙawata takarda tsohon abu ne a birnin Shehu. Masu rubuta Alƙur'ani da hannu sun daɗe suna yi masa zayyana, haka ma allon mai sauka. Mai zanen yau ya gaji wannan ɗabi'a ta wata fuska, domin masu ba da aiki da yawa ba sa son surar mutum ko dabba, sun fi natsuwa da ado irin na dagi da rubutun ajami ko na Larabci.

Yawancin aikin ƙanana ne: katin biki, kalanda, bangon littafi, tambarin ruwan leda, takardar kilishi, hoton tallan takalma da jakunkunan fata a Facebook da WhatsApp. Kakar zaɓe, kamar ta 2023, ita ce kasuwar fasta.

A manhajojin zane na kwamfuta, CorelDRAW ce ta mamaye maɗaba'u, sai Photoshop da Illustrator. Abin da ya fi kayar da sabon hannu shi ne launi. Fuskar waya tana haɗa launi da hasken ja da kore da shuɗi, wato RGB, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK. Koren da ke walƙiya a waya sai ya fito a dushe a takarda, mai kaya kuma ba ruwansa da wannan bayani. Hoton da za a buga ana so ya kai ɗigo 300 a kowane inci.

Wasu sun yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wasu a shago suka koya.

Ciniki yakan fara da kafin alƙalami, sauran kuɗi sai an miƙa aiki. Mai wayo tun farko yake faɗin sau nawa zai yi gyara, in ba haka ba "ɗan ƙara nan" ba ta ƙarewa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta bar haƙƙin zane a hannun wanda ya zana, sallama shi kuma sai a rubuce, haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai zanen. Amma a aikace da baki ake yawancin ciniki, kuma da zarar asalin fayil ya shiga kwamfutar maɗaba'a, ana iya sauya suna a sake buga shi ga wani.