Ma'anar miƙewar lokaci

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Katsina zuwa Daura ya san wannan: in direbanku na gudun kilomita 100 a awa, wata mota ta wuce ku tana 120, a idonku da kilomita 20 kacal take tsere muku. Haske ba ya bin wannan lissafi. Ko kana tsaye a Ƙofar Ƙaura, ko ka bi bayansa da gudun da ya kusa nasa, in ka auna shi kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa za ka samu. A 1905 Albert Einstein ya ce tunda gudun haske ya ƙi sauyawa, to lokaci ne ke sauyawa: agogon mai gudu yana jan ƙafa in aka gwada shi da na wanda aka bari a gida. Wannan ake kira miƙewar lokaci.

Mu ɗauki Hassan da Hussaini. Hassan ya zauna Katsina, Hussaini ya shiga kumbo mai gudun kashi 87 cikin 100 na haske, ya yi shekara 10 a lissafinsa ya dawo. Zai tarar Hassan ya yi 20. Da gudun ya kai kashi 99.5, shekara 100 zai tarar ta wuce, sai dai jikokin ɗan'uwansa su yi masa maraba.

A nan ne ake yawan kuskure, kuma abin yana damuna. Ba agogon ne ya lalace ba. Bugun zuciyar Hussaini, yunwarsa, fitowar furfurarsa, duk tare suke tafiya da agogon, don haka shi ba zai ji wani baƙon abu ba. Yininsa yini ne cikakke. Wasu kan kawo zancen As'habul Kahfi da shekarunsu 309, amma wannan aya ce ta Ubangiji, kuma a kogo suke kwance, ba tafiya suka yi ba. Bai kamata a cakuɗa su ba.

An gwada? Ƙwarai kuwa. A 1971 Hafele da Keating sun zaga duniya a jirgin sama da agogunan atom, wato agoguna masu auna lokaci daidai matuƙa, suka dawo agogunan sun saɓa da na ƙasa yadda lissafi ya nuna. Ɗan sama jannati Sergei Krikalev na Rasha ya yi kwana 803 a sararin samaniya, lokacinsa ya yi baya da na mutanen ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa.

Wanda ya fi burge ni yana cikin aljihunka. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS suna yin baya da kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa kullum saboda gudu, suna kuma yin gaba da 45 saboda ƙarfin da duniya ke jawo abubuwa da shi ya yi rauni a can sama, kuma inda ya yi rauni agogo ya fi sauri. Bambancin 38 ke nan. In ba a gyara ba, kuskuren zai riƙa taruwa kimanin kilomita 10 a rana, cikin mako guda taswirar waya ta kusa kai ka Daura alhali kana gindin Gobarau.

Tafiyar Hussaini kuwa da sauran aiki. Kumbon Parker mai binciken rana, wanda ya fi duk abin da ɗan'adam ya ƙera gudu, ya kai kimanin kilomita 190 a daƙiƙa a 2024, ko kashi ɗaya cikin 1,000 na gudun haske bai cika ba.