Yada zango: kalmar fatake da ta hau jirgin sama

Duk wanda ya je sayen tikitin Umara a ofisoshin masu shirya tafiye-tafiye da ke Wuse ko Garki a Abuja ya san tambayar nan: "Alhaji, kai tsaye kake so ko mai yada zango?" Da yawanmu kuɗin kaɗai muke dubawa mu amsa, sai mun kwana a kan kujerar filin jirgin wata ƙasa mu gane abin da muka zaɓa.

Kalmar ta girmi jirgin sama nesa ba kusa ba. Zango shi ne inda ayarin fatake ke sauke kaya, a shayar da jakuna da raƙuma, a kwana, gari ya waye madugu ya ce a ɗaura. Shi ya sa har yau ake da garuruwa da unguwanni masu suna Zango, tun daga Zangon Daura har unguwannin Hausawa na Kumasi. A harkar jirgi ma ma'anar ba ta sauya ba: ka sauka a garin da ba shi ka nufa ba, ka jira, sannan ka ci gaba, galibi a wani jirgin daban.

Daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe zuwa Jidda, in an miƙe, kusan kilomita 3,700 ne. Jirgin fasinja yana cin kilomita 850 ko fiye a awa, ke nan tafiyar awa 5 ce ko kusa da haka idan an haɗa da tashi da sauka. Wanda kuwa ya bi ta Addis Ababa, babban birnin Habasha, zai fara cin kusan kilomita 3,450 zuwa gabas, sannan ya juya arewa ya ƙara wajen 1,400. An riga an ƙara masa fiye da kilomita 1,000 ke nan, ba a ma zo kan zaman jira ba, wanda shi ne ainihin abin da ke cinye yini. Wani zangon awa 2 ne, wani kwana ne cur. Ni dai in da tsoho ko mai jinya a tafiyar, na fi ganin a ƙara kuɗi a rage masa wannan zaman.

Ko "kai tsaye" ɗin ma ba kullum yake miƙewa ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, jiragen da suka saba ketawa ta can suka koma zagaye.

Sai batun agogo, inda aka fi ruɗewa. Lokutan da ke jikin tikiti na garin da aka ambata ne, ba na Abuja ba. Habasha da Saudiyya duk sun riga mu da awa 2. Idan aka rubuta jirgi zai tashi Addis Ababa ƙarfe 11 na dare, agogon hannunka da ka baro gida da shi 9 zai nuna, kuma jirgin ba zai jira ka ba.

Masu Umara kuma suna da wani amfani da zangon. Jirgin da ya nufi Jidda a sama yake keta miƙati, wato iyakar da mai Umara ba ya wucewa sai da harami, canza kaya a cikin jirgin kuwa da wuya. Don haka da yawa a zangon suke alwala su ɗaura harami, su bar niyya sai an kusa miƙatin. Haramin nan a jakar hannu ya kamata ya kasance, domin babban akwati sai a Jidda za ku sake haɗuwa.