Naƙuda ba ta zuwa kwatsam: abin da mahaifa ke shiryawa kafin haihuwa

Ga mata masu juna biyu, da magidanta, da ungozomomin Damagaram da ƙauyukan kewaye.

Mahaifa tsoka ce. Kafin ciki nauyinta bai wuce giram 70 ba, amma zuwa watan haihuwa takan kai kusan kilo 1. Wata tara tana buɗewa, tana ɗauke da ɗa, ba ta matse shi ta fitar ba. Abin da ke riƙe ta shi ne sinadarin furojestaron, wanda mabiyiya ke samarwa da yawa.

A cikin kowace ƙwayar tsokar nan akwai ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke gaya wa jiki irin furotin ɗin da zai ƙera. Ƙwayoyin gadon ba su canzawa lokacin naƙuda. Abin da ke canzawa shi ne waɗanda ke aiki da waɗanda ke kwance. Idan lokaci ya gabato, furojestaron yana nan a jinin mace bai ragu sosai ba, sai dai tsokar ta daina jin maganarsa, saboda nau'in makarɓarsa da ke cikin tsokar, wato furotin ɗin da ke karɓar saƙonsa, ya sauya. Daga nan sai ƙwayoyin gadon da suka daɗe a kwance su tashi.

Na farko shi ne mai ƙera koneksin 43. Wannan furotin yana buɗe ƴan ƙofofi tsakanin ƙwayar tsoka da maƙwabciyarta, saƙon matsewa ya riƙa ratsawa. Kafin haka kowace ƙwaya ta kanta take yi, shi ya sa mai ciki wata bakwai ko takwas takan ji cikinta ya yi tauri, can ya saki, ba wani tsari. Idan ƙofofin suka yawaita, aikin ya zama kamar luguden mata a turmi ɗaya, taɓarya na bin taɓarya. Naƙudar gaskiya ke nan: ciwo mai zuwa a kan lokaci, yana ƙara ƙarfi, tazararsa na raguwa.

Na biyu shi ne mai ƙera makarɓar oksitosin, sinadarin da ke sa mahaifa ta matse. Waɗannan makarɓai sukan ninka sau da yawa a ƙarshen ciki, har oksitosin kaɗan ya isa ya motsa mahaifa. Na uku su ne masu samar da furostagilandin da sinadaran kumburi, waɗanda ke kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa bakin mahaifa su sassauta zaren da ya ɗaure shi. Bakin da ke rufe, mai tauri, sai ya yi laushi, ya gajarce, ya buɗe har santimita 10. Wannan shiri kwanaki yake ɗauka, wani lokacin makonni.

A nan matsalar allurar naƙuda a gida take, kuma ita ce ta fi damunmu. Allura ba ta sa bakin mahaifa ya yi laushi. Idan aka yi wa mace oksitosin, ko aka ba ta ƙwayar misofurostol ko jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba, alhali bakin bai shirya ba ko ƙugu ya yi wa kan ɗa kaɗan, mahaifa za ta yi ta matsa a kan hanyar da ba ta buɗe ba. Duk lokacin da ta matse, jinin da ke zuwa mabiyiya raguwa yake yi, ɗa kuma a tsakanin matsa da matsa yake samun iskarsa. Matsa fiye da 5 cikin minti 10 ta yi yawa. Ɗa ya galabaita, mahaifa ma tana iya yagewa, musamman ga mai haihuwa da yawa ko wadda aka taɓa yi wa tiyata. A asibiti da ƙarin ruwa ake ba da oksitosin, ana ƙirga ɗigo, ana sauraren bugun zuciyar ɗa, a tsayar da zarar ya yi yawa. Allurar da ta riga ta shiga cinya ba mai iya janye ta.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Idan mahaifa ta daɗe tana shan oksitosin, makarɓan sukan ragu, tsokar ta gaji. Bayan ɗa ya fito, lokacin da ake bukatar ta dunƙule ta toshe jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe, sai ta saki jiki. A ƙarshen ciki jinin da ke ratsa mahaifa yakan kai rabin lita a minti ɗaya, don haka zubar jini ba ta jira a nemo mota daga Mirya ko Magarya. Shi ya sa a wurin haihuwa ake yin allurar oksitosin yunit 10 da zarar ɗa ya fito, a riƙa taɓa ciki a ji mahaifa ta yi tauri, a sa jariri a nono cikin awar farko, domin tsotso ma yana sa jiki ya saki nasa oksitosin. Shi oksitosin wuri mai sanyi yake so a ajiye shi, digiri 2 zuwa 8. Wanda ya sha zafin bazara a tiren mai talla ba a san ƙarfin da ya rage masa ba.

Tun da kumburi na cikin abin da ke tayar da naƙuda, cuta ma tana iya tayar da ita kafin mako 37. Ciwon sanyin fitsari, ruwa mai wari daga gaba, da zazzaɓin cizon sauro duk suna cikin masu jawo bakwaini. A je awo da wuri, a gwada fitsari, a kwana cikin gidan sauro, a sha Fansidar na riga-kafi daga wata na huɗu, wata ɗaya tsakanin sha da sha.

A tafi asibiti ba jinkiri idan faya ta fashe ko da babu ciwo, idan ruwan kore ne ko yana wari, idan an ga jini, ko zazzaɓi, ko motsin ɗa ya ragu, ko ciwon mara mai zuwa yana dawowa kafin wata tara ya cika. Naƙudar da ta kai awa 12 ba ta gida ba ce, ita ke kai mata ga yoyon fitsari. Mai cikin fari kan ɓoye ciwo saboda kunya, don haka uwar miji ko kishiya ta sa mata ido. Maigida ya tanadi abin hawa da kuɗin mai tun wata na takwas, a kuma tafi da katin awo da wanda zai iya ba da jini.