Maijego ma tana bukatar ta runtsa

Ranar rigakafi ce, ina cike kati, na ɗago kai na ga wata maijego a kan benci tana gyangyaɗi, jaririnta ɗan wata biyu yana zamewa daga cinyarta. Wata dattijuwa da ke kusa ce ta tare shi. Da layi ya zo kanta na ce, "Baiwar Allah, yaushe rabonki da barci mai nauyi?" Ta yi murmushin gajiya ta ce, "Malama, tun da nig gama arba'in nid dawo ɗakina."

Lokacin wankan jego tana gidan iyayenta, ga inna, ga ƙanne, kowa na karɓar yaro. Tana komawa gidan miji aka ɗauka jego ya ƙare. Ina ya ƙare? Jariri sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a dare da yini, kuma mu ne muke ce mata ta ba shi nono zalla har wata 6. Babban mutum kuwa yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Ku haɗa da zafin Sakkwato na Afrilu da ke haura digiri 40, babu wuta, yaro na kuka, ga girki da wanki da sauran ɗiya suna jiran safiya.

Maigida, da kai nake. Nono dai ba ka da shi, mun sani. Amma in ta gama shayarwa, kai ka ɗora yaron a kafaɗa ka shafa bayansa har ya yi gyatsa, ka canza mishi ƙunzugu, ka yi ta zagaya tsakar gida da shi har ya yi barci. Abin da na ga yana aiki shi ne a tsayar da lokaci guda wanda kowa ya san nata ne. Misali in ka dawo sallar asuba, ka karɓi yaro, ka shirya manyan su tafi makaranta, ita kuma ta samu awa biyu ba mai kiran sunanta. Ko bayan isha'i ka rage zaman majalisa. Teburin mai shayi na Mabera ko Runjin Sambo ba inda zai je.

Na san abin da ake tsoro: a ce maka mijin-ta-ce. Nana A'isha da aka tambaye ta me Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. To wa kake jin kunya?

Ke ma uwargida, in maigidan ɗan kabu-kabu ne ko direban babbar mota da zai kama hanyar Illela da sassafe, daren nan a bar shi ya yi barci, don gyangyaɗi a kan hanya ajali ne. Sai ya rama miki ranar da ba ya fita. Ku yi maganar da rana cikin sanyin rai, ba ƙarfe biyun dare ba kowa ido ya yi ja. Kuma in ya ɗauki yaron, ki kwanta, kada ki tashi ki kama wanke-wanke.

In maijego ta wuce mako biyu tana kuka ba dalili, ba ta son abinci, ko barcin ya ƙi zuwa ko da yaro ya yi shiru, kada a ce raki ne ko iska. A kawo ta asibiti mu duba ta. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, zazzaɓi ko zubar jini mai yawa kuwa, ba a kwana da su a gida.

Allurar yaro tana nan a mako na 6, na 10 da na 14, sai kuma wata 9. Ku zo tare, maigida ya riƙe yaron a layi.