Juyawar duniya da jinkirin agogon atam

Jinkirin lokaci shi ne saɓanin da ake samu tsakanin agogo biyu lafiyayyu iri ɗaya in ana tafiya da ɗaya da gudun da ya fi na ɗayan, ko ya fi shi nisa da ƙasa. Mai gudun baya yake yi, na sama kuma gaba, don jan duniya ya fi rauni a can. Albert Einstein ne ya fara kawo maganar gudun a 1905.

To juyawar duniya a nan take shigowa, domin babu agogon da yake tsaye da gaske. Mai shago da ke zaune a Kurmi yana shan shayi, duniya tana tafe da shi gabas wajen mita 455 duk daƙiƙa, a layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu arewa da kudu, ma 465 ne. Jirgin da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano ya nufi gabas gudunsa ƙaruwa yake a kan na duniya, wanda ya yi yamma kuwa ragewa yake, har agogon da aka bari a ƙasa ya zama shi ne mai gudun.

A Oktoban 1971 Joseph Hafele da Richard Keating suka gwada abin, suka ɗauki agogon atam 4 na siziyam, wato agogon da ke ƙirga lokaci da kaɗawar ƙwayar zarrar sinadarin siziyam, suka shiga jirgin fasinja kawai, agogon ma da kujerarsu, suka zagaya duniya ta gabas sannan ta yamma, suka kwatanta da agogon cibiyar nazarin taurari ta sojan ruwan Amurka. Ta gabas an yi asarar nanosakan 59, ta yamma an ƙaru da 273. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa, ƙiftawar ido ma doguwa ce a wajensa.

Wani wuri dai Einstein ɗin bai dace ba, ya ce agogon ikwaita zai yi baya a kan na ƙuryar duniya, wato can ƙarshen arewa ko kudu. Ashe juyawar ta sa duniya ta kumburo a layin ikwaita da wajen kilomita 21, tashin sai ya cinye jinkirin gudun daidai wa daida, shi ya sa duk agogon da ke daidai matakin teku tafiyarsu ɗaya. Kano kam tana sama da teku kusan mita 500, agogon atam a nan zai riƙa wuce na bakin ruwan Legas da nanosakan 4 zuwa 5 a rana.