Wai me ake nufi da "TSA ta amince" a jikin akwatin baka?

Duk wanda ya shiga intanet neman akwatin da zai sa bakansa da kibansa ya hau jirgi da su, ba zai wuce talla uku ba sai ya ci karo da rubutun Turancin nan, "TSA Approved", wato wai hukumar TSA ta amince da akwatin. Wani kuma ya rubuta cewa kamfanonin jiragen sama ne suka amince. Masu yin bidiyon nuna kaya ma sun ɗauka, kowa na maimaitawa da gadara kamar ya ga takardar shaidar da idonsa. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda mai saye ke karanta wannan rubutu ya fahimci abu uku a lokaci guda: akwatin yana da ƙarfi, za a karɓe shi a wurin awon kaya ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma ba mai iya buɗe shi. Ko ɗaya daga cikin ukun nan rubutun bai tabbatar ba.

TSA hukumar Amurka ce mai binciken fasinjoji da kayansu a filayen jiragen sama, an kafa ta a watan Nuwamba na 2001 bayan harin 11 ga Satumba. Abin da ta ce game da baka da kibiya gajere ne: ba a shiga da su cikin jirgi a hannu, amma ana iya ba da su a awo su tafi tare da sauran kaya a cikin cikin jirgi. Shi ke nan. Ba ta gwada akwatuna, ba ta jefa su ƙasa ta ga ko za su fashe, ba ta ba kowane kamfani lasisin cewa akwatinsa ya fi na wani. Dokar da ta ce dole akwati ya zama mai tauri kuma a kulle, ta bindiga ce, baka ba ya ciki.

To daga ina maganar amincewar ta fito? Daga kwaɗo. Bayan da aka fara bincika duk kayan awo a Amurka, jami'ai sun riƙa yanke kwaɗon duk jakar da suke son dubawa. Sai wani kamfani mai suna Travel Sentry, wanda aka kafa a 2003, ya zo da dabara: a riƙa ƙera kwaɗuna masu hanyar buɗewa biyu, mai kaya yana da mabuɗinsa ko lambobinsa, jami'in bincike kuma yana da babban mabuɗin da ke buɗe su duka. Wannan ɗan jan tambari mai siffar lu'ulu'u da ake gani a jikin kwaɗuna nasu ne. Akwai kuma abokin hamayyarsu, Safe Skies, mai tambarin jar tocila. Idan ka juya irin kwaɗon za ka ga lamba kamar TSA002 ko TSA007, wadda ke faɗa wa jami'in mabuɗin da zai ɗauko. Kenan ainihin ma'anar kalmar ita ce: wannan kwaɗo jami'i zai iya buɗe shi ba sai ya lalata shi ba. An yi shi ne don sauƙin aikin mai bincike, kai kuma ribarka ita ce kwaɗonka ya dawo da ransa.

Sai kuma labarin da masu talla ba sa son tunawa. A ƙarshen 2014 jaridar Washington Post ta yi rahoto kan yadda ake binciken kaya, ta haɗa da hoton waɗannan manyan mabuɗai a jere, haƙoransu tar a fili. Wata da watanni ba wanda ya kula. A 2015 masu sha'awar harkar makullai suka farga, suka zana siffar mabuɗan daga hoton, suka zuba zanen a intanet yadda duk mai injin da ke ƙera abu da roba daga kwamfuta zai iya fitar da nasa. Aka gwada, suka buɗe. A 2016 aka kwaikwayi na Safe Skies shi ma, aka nuna a wani taro a birnin New York. Yau mutum zai ɗauki bakan da ya zuba wa dala dubu ko fiye, ya rataya masa kwaɗon da mabuɗinsa ke yawo a duniya fiye da shekara goma, ya tafi yana jin ya kulle. A ganina irin wannan kwaɗo amfaninsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: yana hana maɓallan akwati ɓallewa idan an wurga shi, yana kuma rage wa mai ɗan hali na gaggawa ƙwarin gwiwa. Amma kiran sa tsaro ya yi yawa. Kuma da ka bar Amurka da sauran ƙasashen da suka shiga tsarin, tambarin ado ne kawai, jami'in da ba shi da mabuɗin zai nemi ka zo ka buɗe, ko ya sa almakashin ƙarfe.

Ita kuwa maganar "kamfanonin jiragen sama sun amince" ta ma fi rauni, don ba wata ƙungiya ɗaya da ke ba da wannan amincewa. Kowane kamfani da ƙa'idarsa. Ma'aunin da ya fi yawa ga kayan awo shi ne kilo 23, kuma idan aka haɗa tsawo da faɗi da kauri kada su wuce santimita 158. A nan ne gizo ke saƙa. Bakan da ake harbi da shi a gasar Olamfik ana kwance shi gida uku, mariƙi da rassa biyu, mariƙin yawanci inci 25 ne, don haka duk da cewa a ɗaure yana kai inci 66 zuwa 70, a kwance yana shiga akwati madaidaici, abin da ya fi tsawo a ciki sau da yawa kibau ne da sandar daidaita nauyi. Baka mai tayoyi a bakin rassansa, wanda Holless Wilbur Allen ya samu haƙƙin ƙirarsa a Amurka a 1969 kuma zai shiga Olamfik karon farko a Los Angeles a 2028, ba ya kwantuwa haka. Tsirkiyarsa da igiyoyinsa a ɗame suke kullum, sai da injin matsewa ake sassauta su. Yadda yake haka zai shiga akwati. A ce akwatin tsawonsa santimita 110, faɗi 45, kauri 18. Jimilla 173, ka riga ka haye 158. Wasu kamfanonin suna ɗaukar kayan harbi a matsayin kayan wasanni su yafe girman, wasu su caje ka kuɗin kaya mai wuce ƙima, wasu su ce sai ka sanar da su kafin ranar tafiya. Rubutun da ke jikin akwatin ba ya cikin abin da ma'aikaciyar awo za ta duba, sikeli da tef ɗin awo ne a gabanta.

Akwai rubuce-rubucen da suke da nama a jikinsu, su ne ya kamata ido ya nema. ATA 300 tsohuwar ƙa'ida ce ta ƙungiyar kamfanonin jiragen Amurka, an tsara ta don akwatunan jigilar kayan gyaran jirgi, kuma rukuninta na ɗaya yana nufin akwatin da aka yi don ya jure tafiya 100 zuwa da dawowa. Ƙa'idar gwaji ce, mai ƙera akwatin ne ke cewa ya cika ta, amma aƙalla akwai abin da za a tuhume shi a kai. IP67 kuma na nufin ƙura ba ta shiga, kuma akwatin zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Akwatin da ke rufuwa ruf haka yana buƙatar ɗan bawul na daidaita iska, in ba haka ba sauyin matsin iska tsakanin sama da ƙasa na iya sa murfin ya manne ka yi ta kokawa da shi bayan sauka.

Duk da haka ni ban yarda cewa ƙarfin bayan akwati shi ne kan gaba ba. Yawancin ɓarnar da ke samun baka a hanya daga ciki take fitowa. Ka rufe akwatin da komai a ciki, ka ɗaga shi ka girgiza. In ka ji ƙwal-ƙwal, to wani abu yana yawo, kuma duk faɗuwar da akwatin zai yi daga kan bel ɗin kaya, wannan abin zai daki maƙwabcinsa. Ƙaramin sifana da aka manta a kwance ya isa ya yi wa bakin taya tabo, tabon kuma ya riƙa cin tsirkiya a hankali har ta tsinke ranar da ba a zata ba. Dole mariƙin ya ɗauru da maɗauri a wuri biyu, tayoyin kada su taɓa bangon akwatin ta kowane gefe, don bugun da ya sami bango kai tsaye zai wuce musu. Abin saiti, wanda shi ne ya fi komai saurin lanƙwashewa, a cire shi a naɗe shi daban idan yana ciruwa. Kibau su shiga bututunsu ko su zauna a tsagin soso ɗaya bayan ɗaya, gashinsu bai matsu ba. Kawunan kibiyar farauta masu kaifi kamar reza a kwance su a sa a ƙaramin akwatinsu, don kada su yanki tsirkiya, kada kuma su yanki hannun jami'in da zai lalubi kayan. Shi wannan jami'i, in ya buɗe, ba maharbi ba ne. Shirin da sai kai kaɗai ka san yadda ake mayar da shi, a hargitse zai dawo maka.

Soso ma iri-iri ne. Mai laushin nan da ke shan ruwa yana riƙe damshi, in ka rufe baka jiƙaƙƙe a ciki kwana biyu sai ka tarar da tsatsa a kan kusoshi. Mai tauri wanda ba ya shan ruwa ya fi. Zafi kuwa ba akwatin da ke maganinsa: baƙin akwati a but ɗin mota da rana tsaka yana iya raunana gam ɗin da ya haɗa rassan baka, ya kuma sa tsirkiya ta miƙe. Wanda tafiyarsa daga gida zuwa filin atisaye ce a motarsa, jaka mai laushi mai kauri ta ishe shi, ɗaukar akwati mai nauyin kilo bakwai ko takwas kullum wahalar banza ce. Mai tauri na ranar da kaya za su bar hannunka ne.

In kuma an yi rashin sa'a akwatin ya iso a fashe, tambarin ba zai biya ka ko sisi ba. A tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce ke aiki a yawancin ƙasashe, kuma ta ƙayyade diyyar kayan fasinja ɗaya. Daga 28 ga Disamban 2024 iyakar ta koma 1,519 a ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato wajen dala 2,000, ko da kayan da ke ciki sun ninka haka, sai fa idan ka bayyana darajarsu tun a wurin awo ka biya ƙari. Kwana 7 kacal gare ka daga ranar karɓar kaya ka shigar da ƙorafi a rubuce. Shi ya sa maharban da suka saba tafiya ke ɗaukar hoton cikin akwatin kafin su rufe, kuma suna buɗe shi tun a zauren karɓar kaya, su duba tayoyi da rassa, su ɗan lanƙwasa kowace kibiya kusa da kunne ko za su ji ƙarar tsagewa, kafin su fita ƙofa.